Darasin Lafiya: Ƙashi, Gaɓa da Tsoka, Ginin da Allah Ya Yi Mana

Karatu: Zabura 139:13-16, Ezekiyel 37:1-10, 1 Korantiyawa 12:12-27

Manufar darasi: Kowa ya san yadda ƙashi da gaɓa da tsoka suke aiki tare, ya san yadda zai ɗauki kaya ba tare da ya ɓata bayansa ba, ya san abincin da ke gina ƙashin yaro, ya kuma san abin yi da abin bari idan wani ya karye.

Abin da mai koyarwa zai tanada: ƙafar akuya guda daga wurin mahauci, wadda aka feɗe amma ba a datsa ba, wuƙa, jarka cike da ruwa, kara biyu da tsumma mai tsabta. Ana iya raba darasin gida biyu, a yi shi a zama biyu, a taron zumuntar mata ko na matasa ko bayan sujada.

Gabatarwa

Kowane manomi ya san fartanyarsa. Ya san itacen da ya fi kyau a yi ƙota da shi, ya san inda takan tsage, ba ya barinta a ruwa ta ruɓe. Amma hannun da ke riƙe fartanyar, da bayan da ke sunkuyawa tun safe har azahar, kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka haɗa su. Idan fartanya ta karye, akwai wata a kasuwa. Idan bayan maigida ya lalace a tsakiyar damina, ko hannun yaro ya ruɓe saboda ɗori, gidan gaba ɗaya ya shiga wahala, wani lokaci har iyakar rai.

A cikin ru'uyar da aka nuna wa annabi Ezekiyel, ƙasusuwa ne suka fara haɗuwa, sai jijiyoyi, sai nama, sai fata, kafin numfashi ya shiga. Mu ma haka za mu bi darasin nan: ƙashi tukuna, sai abin da ke haɗa shi, sai abin da ke motsa shi.

1. Ƙashi

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi haka, wajen 300, domin da yawa daga cikin nasa ba su riga sun manne da juna ba. Maɗigar jariri shaida ce: wurin nan mai laushi a tsakiyar kai, inda ƙasusuwan ƙoƙon kai ba su gama haɗuwa ba. Takan rufe da kanta kafin yaro ya cika shekara 2. Ba ciwo ba ce, ba ta bukatar a shafa mata kome. Amma idan ta faɗa ciki sosai lokacin da yaro ke zawo, alama ce ruwan jikinsa ya ƙare, sai a ba shi ruwan gishiri da sukari a kuma kai shi asibiti.

Kowane hannu, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da 26. Ke nan fiye da rabin ƙasusuwanmu suna hannu da ƙafa, wuraren da muke cin abinci da su. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi. Mafi ƙanƙanta yana cikin kunne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Haƙarƙari 24 ne, 12 a dama, 12 a hagu, ga namiji da ta mace duka. Wasu suna cewa na maza ya kasa da ɗaya saboda labarin Adamu a Farawa sura 2. Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka a kan 'ya'yan Adamu ba. Mutumin da ya rasa yatsa a injin niƙa ai ba ya haifar 'ya'ya masu yatsa tara.

Aikin ƙashi huɗu ne. Yana tallafar jiki kamar yadda ginshiƙi da azara ke riƙe ɗaki. Yana kare kayan ciki: ƙoƙon kai yana kare ƙwaƙwalwa, haƙarƙari yana kare zuciya da huhu, ƙashin baya yana kare laka. Yana ajiye wani sinadari da ake kira kalsiyam, wanda shi ke sa ƙashi da haƙori tauri. Sannan a cikin ɓargo ne ake yin jini.

Mai koyarwa ya fasa ƙashin akuyar, a ga ɓargo da jini a ciki. Wannan shi ne babban abin da za mu riƙe: ƙashi abu ne mai rai. Da yake mun saba ganinsa a bushe a juji, sai mu ɗauka kamar dutse yake. A jikin mai rai kuwa jini yana ratsa shi, yana jin zafi, yana cin abinci, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Shi ya sa karaya take haɗewa. Shi ya sa kuma yaro mai amosanin jini, wato sikila, yake kuka da ciwon ƙashi, domin jini ne ya toshe a ƙananan hanyoyinsa cikin ƙashin. Ba maita ba ce, ba kuma ƙarya yake yi ba.

2. Gaɓa

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi. Ba duka iri ɗaya ba ne. Gwiwar ƙafa da gwiwar hannu da yatsu suna aiki kamar ƙyauren ƙofa, buɗewa da rufewa kawai. Kafaɗa da kwatangwalo kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashi mai mulmule yana juyawa a cikin rami. Ramin kwatangwalo yana da zurfi, saboda haka da wuya ya goce. Na kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke kaiwa ko'ina, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. A saman wuya akwai gaɓar da ke ba mu damar waiwaye. Na ƙoƙon kan babba kuwa sun manne, ba sa motsi, muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsawa.

Mai koyarwa ya yanka gwiwar akuyar. Za a ga abu uku. Na fari, guringuntsi fari mai santsi a kan kowane ƙashi, wanda ke hana su gugar juna. Na biyu, ɗan ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, shi ne man gaɓa. Na uku, fararen igiyoyi masu tauri da suka ɗaure ƙashin sama da na ƙasa.

Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan nan mai yauƙi yake samun abinci, kuma sai gaɓa tana motsi ruwan ke ratsa shi. Don haka gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare. Idan shekaru suka tura, ko an taɓa jin rauni a wurin, ko ƙiba ta yi yawa, guringuntsi yakan side, gwiwa ta riƙa ciwo da ƙara. Tsofaffi suna kiransa sanyin ƙashi. Maganinsa ba kwanciya ba ne. Tafiya a hankali kowace rana, riƙe sanda, zama a kan kujera maimakon tsuguno mai tsawo, da gasa wurin da ruwan ɗumi, duk suna rage shi.

Amma gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa, wannan daban ne. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru a ciki, kuma tana iya cinye gaɓar cikin 'yan kwanaki. A kai shi asibiti a ranar.

3. Jijiya iri huɗu ce

A Hausa abu huɗu muke kira jijiya, kuma wannan yakan kawo ruɗani. Akwai jijiyar jini, wadda ake gani a bayan hannu. Akwai jijiyar saƙo, wadda ta fito daga ƙwaƙwalwa da laka tana kai umarni ga tsoka, tana kuma kawo labarin zafi da sanyi. Ita ce kan ba mu wani irin zir idan muka buge gwiwar hannu. Akwai wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda muka gani a gwiwar akuya. Akwai kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara da ke bayan dunduniya, wadda ta fi dukansu kauri.

Saboda haka idan mun je wurin ma'aikacin lafiya, kada mu tsaya a kan "jijiya ke damuna". Mu nuna wurin da yatsa, mu faɗi yaushe ya fara, ko yana tsira ne, ko yana zuga, ko wurin ya mutu ba a jin taɓi.

4. Tsoka

Tsoka ita ce jan naman da muke ci. A jikin mutum akwai fiye da 600, kuma iri uku ne. Akwai waɗanda muke motsawa da nufinmu, su ne manne da ƙashi. Akwai na hanji da mafitsara da mahaifa, masu aiki ba da izninmu ba. Akwai kuma zuciya, tsokar da ba ta taɓa hutawa tun muna ciki har ranar da Ubangiji zai kira mu.

Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Mai koyarwa ya ja farar jijiyar da ke bayan ƙafar akuyar, a ga kofato ya motsa. Da yake ja kaɗai ta iya, biyu biyu suke aiki. Kowa ya dafa damtsensa ya naɗe hannu: ƙwanji ya taso a gaba. Ya miƙe hannun yana tura bango: tsokar bayan damtse ce ta yi tauri. Ɗaya tana ja, ɗaya tana saki. Da za su ja a lokaci guda, da hannu ya ƙage. Manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa. Ga shi a damtsenmu muna ganin cewa wani lokaci aikin wani shi ne ya saki don ɗan'uwansa ya ja.

Yanzu kowa ya riƙe hannunsa ƙasa da gwiwar hannu, ya motsa yatsu. Motsin da ake ji a nan shi ne na manyan tsokokin da ke naɗe yatsu. Dogayen jijiyoyi ne suka taso daga nan, suka ratsa wuyan hannu zuwa yatsu. Idan lauje ko adda ta yanki mutum a wuyan hannu ko tafi, kuma wani yatsa ya daina naɗewa, jijiyar ce ta tsinke. Ko da ciwon ƙarami ne a ido, ba za ta haɗu da kanta ba, sai likita ya ɗinke ta, kuma gara a yi da wuri.

Tsoka tana bukatar abinci, da ruwa, da hutu, da aiki. Tsamin jiki da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan an fara huɗa a farkon damina ba cuta ba ce, tsoka ce ke sabawa, zai wuce da kansa. Ɗaurewar tsoka a sha raɓa takan zo idan an gaji ga zufa mai yawa. A miƙe ƙafar, a ja yatsu zuwa sama, a sha ruwa. Tsokar da ba ta aiki kuwa ramewa take yi. Majinyacin da ya yi makonni a kwance, a riƙa naɗe masa hannu da ƙafa ana miƙewa sau da yawa a rana, a kuma riƙa juya shi.

Tsoka ba ta motsi sai jijiyar saƙo ta umarce ta. Cutar shan inna jijiyoyin saƙo na cikin laka take kashewa, sai ƙafa ta shanye ta rame. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya da nahiyar Afirka, amma har yanzu ana ɗiga wa yara maganin rigakafi, kada mu hana namu. Haka nan akwai babbar jijiyar saƙo da ta bi ta ɗuwawu zuwa ƙafa. Allurar da wanda bai koya ba ya yi a wurin da bai dace ba tana iya taɓa ta, ƙafar yaro ta shanye. Kada mu miƙa yaranmu ga kowane mai yawo da sirinji.

5. Baya da ɗaukar kaya

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran 9 na ƙasa sun manne. Tsakanin masu motsin akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Laka ta bi ta ramin da ke tsakiyarsu, jijiyoyin saƙo suna fita dama da hagu zuwa hannu da ƙafa.

Nauyin rabin jikinmu na sama, da duk abin da muka ɗauka, a kan ƙasusuwan kwankwaso biyar ɗin nan yake sauka. Jarka mai lita 25 idan ta cika, nauyin ruwan kilo 25 ne. Buhun taki kilo 50 ne. Idan aka sunkuya da ƙafafu a miƙe aka fizgo kaya daga nesa, ƙananan tsokokin baya ne ke shan wahalar. Idan aka durƙusa, manyan tsokokin cinya da ɗuwawu ne ke ɗauka, kuma don wannan aka yi su.

Mai koyarwa ya nuna da jarkar, kowa ya gwada:

Matso kusa da kayan, ka ware ƙafafu.
Lanƙwasa gwiwa, ka rungumi kayan kusa da ciki.
Tashi a hankali da ƙarfin cinya, ban da fizga.
Idan za ka juya, juya da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.
Kayan da za a ɗora a ka, a nemi mai ɗorawa da mai saukewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A gona, duk ƙarshen kunya a miƙe tsaye, a dafa ƙugu, a ɗan gantsare. A gida, a ɗora bahon wanki a kan benci ko dutse, a sa wa tsintsiya doguwar sanda. Maza, mu duba: mace mai ciki jijiyoyin gaɓoɓinta sukan yi laushi saboda shirin haihuwa, ba lokacin ɗaukar dami da jarka ba ne. Yara kuma ƙashinsu yana kan girma, kayan babba ba nasu ba ne. A raba ruwan gida biyu, sawu biyu ya fi jinya.

Yawancin ciwon baya yakan lafa cikin 'yan makonni. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara shi take yi. Gara a rage aiki mai nauyi a ci gaba da tafiya. Amma a garzaya asibiti idan ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko idan ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare. Tarin fuka yana iya kama ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, kuma yana da magani kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Gargaɗi a kan ƙwayoyi: haɗin maganin ciwon jiki da ake sayarwa a ƙulle a leda yakan ƙunshi ƙwayoyin da ke cin ciki da ƙoda idan an daɗe ana sha, wasu kuma suna kumbura fuska suna raunana ƙashi. Tramadol da matasa ke sha don su yi noma ba gajiya ba ya ƙara ƙarfi, toshe kunnen mutum yake yi daga jin kukan jikinsa, ga shi da kama mutum. Ciwo ɗan aike ne, a saurari saƙonsa.

6. Abincin ƙashi

Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dogayen ƙasusuwan yaro daga bakinsu suke tsawo, inda akwai guringuntsi da ke zama ƙashi a hankali. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci, ko bitamin D wanda fata ke yi idan rana ta taɓa ta, sabon ƙashin ba ya tauri. Sai ƙafafu su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri, yaro ya yi jinkirin tafiya yana kukan ƙafa.

A shekarar 1999 likitocin da suka yi bincike a Jos suka wallafa abin da suka gano a kan irin waɗannan yara. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Kalsiyam ne babu a abincin yaran, domin yawancinsa hatsi ne, ba nono. Yaran da aka ba kalsiyam na wajen wata shida sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Ashe ba la'ana ba ce, ba kuma don an goya yaro da yawa ba ne. Ɗan lanƙwasa kaɗan kafin shekara 2 ba abin damuwa ba ne, amma idan yana ƙaruwa, a kai yaro a duba shi tun ƙashin yana ɗanye.

Abincin da ke da kalsiyam yana kusa da mu: nono da kindirmo, ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu a zuba a miya ko kunu, tamba, riɗi, zogale, kuka, da waken soya. A shayar da yaro nonon uwa har shekara 2, bayan yaye kada a bar shi da koko zalla. Tsoka kuma tana son wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nama. Idan an yanka kaza, a tuna yaro mai girma da mai shayarwa sun fi maigida bukata.

Ƙashin ƙugun yarinya yana ci gaba da faɗi shekaru bayan ta fara al'ada. Idan ta ɗauki ciki kafin ya gama, kan jariri yana iya kasa wucewa, naƙuda ta yi tsawo, a ƙare da yoyon fitsari ko rasa rai. Wannan ma dalili ne na barin 'ya'yanmu mata su girma kafin aure. Bayan mace ta daina al'ada kuma ƙashinta yakan rage ƙarfi, faɗuwa kaɗan sai karaya. A gyara wa iyayenmu hanyar banɗaki, a ba su fitila da sanda.

7. Targaɗe, gocewa da karaya

Targaɗe shi ne jijiyar da ke ɗaure gaɓa ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage. A huta, a sa tsumma mai ruwan sanyi, a naɗe ba da ƙarfi ba, a ɗaga ƙafar sama. Kwana biyun farko ban da ruwan zafi, ban da murza. Bayan haka a fara takawa a hankali. Idan mutum ya kasa taka ƙafar sam, a ɗauki hoton ƙashi.

Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga mazauninsa. Kada a ja da ƙarfi, domin ana iya tsinka jijiyar jini ko ta saƙo. A tallafe hannun yadda yake, a kai wa wanda ya koya.

Karaya kuwa, jiki ne ke haɗa ta. Jini yakan taru a wurin, ya zama ƙullutu mai taushi, ya koma ƙashi. Ga yaro makonni 3 zuwa 6, ga babba 6 zuwa 12 ko fiye. Aikin likita ko maɗori shi ne ya daidaita ƙashin ya hana shi motsi.

Ga inda hatsarin yake. A ce yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye kusa da gwiwar hannu. An jera kara an ɗaure tam. Cikin dare hannun ya kumbura, amma ɗaurin bai ba shi wuri ba, sai hanyar jini ta toshe. Yaro yana ihu, ana ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Tsokar da ta rasa jini cikin sa'o'i kaɗan take fara mutuwa. Bayan kwana uku yatsu sun yi baƙi, ga wari. A asibiti babu abin da ya rage sai yanke hannun don a ceci ransa. Karayar da za ta warke cikin wata guda ta zama rashin hannu na har abada. Ba karayar ce ta ci hannun ba, ɗaurin ne.

Ba muna zagin maɗora ba ne, da yawansu 'yan'uwanmu ne, sun kuma taimaki mutane a inda babu asibiti. Amma ido ba ya ganin cikin nama. Duk wanda aka ɗaure, ko da kara ko da filastar asibiti, a riƙa duba yatsunsa. Idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu sun yi sanyi, sun kumbura, sun canza launi, sun mutu, ko ba sa motsi, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Waɗannan kuwa asibiti kai tsaye: karayar da ƙashi ya huda fata ko akwai ciwo a kanta, karayar cinya ko kwatangwalo, karaya a kusa da gaɓa musamman gwiwar hannun yaro, da duk raunin wuya ko baya. Kafin a tafi, a rufe ciwo da tsumma mai tsabta, ban da zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu, kada a tura ƙashi ciki. A sa kara ko katako da tsumma a ƙarƙashinsa, ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa, a ɗaure yadda yatsa zai iya shiga. Mai koyarwa ya nuna wannan a hannun wani.

Wanda ya faɗo daga itace ko babur yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa kamar buhu. Ƙashin da ya karye yana iya yanke laka, kuma laka idan ta yanke ba ta haɗuwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, mutum uku su ɗaga shi a miƙe zuwa kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako.

8. Motsa jiki

Wani zai ce, mu da muke noma, wane motsa jiki kuma? Gaskiya ne, manomi da mai daka sun wuce awa biyu da rabi a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu. Abin da suke bukata shi ne miƙe jiki da hutu, domin aikinsu gefe guda yake lanƙwasa su. Amma tela, da mai shago, da malamin makaranta, da fasto, da ɗan acaɓa, su tashi su taka. Tsofaffi su tashi daga kujera su zauna sau goma kowace safiya, su tsaya da ƙafa ɗaya suna dafe da bango. Yara a bar su su yi guje-guje da tsalle, haka ƙashi ke ƙarfi.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Yawanci rashin kuɗin mota da na hoto ne ke sa a tsaya a gida. Dattawa su duba yiwuwar ajiye ɗan asusun gaggawa, a san asibiti mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙashi, a san mai motar da za a tasa da dare. Matasa su yi gayya a gonar wanda ke jinya, don kada tsoron yunwa ya mai da shi gona kafin ƙashi ya haɗu. Waɗanda suka riga suka nakasa kuma, mu tuna Mefiboshet, wanda ya faɗi yana ɗan shekara 5 ya gurgunce, amma sarki Dawuda ya ba shi wuri a teburinsa. A gyara ƙofar majami'a yadda mai keke ko sanda zai shiga, a kuma ba su aiki a cikin ikilisiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane abu ne a ƙafar akuyar ya nuna mana ƙashi yana da rai?
2. A gidajenmu, wa ya fi ɗaukar kaya masu nauyi? Me za mu canza a wannan mako?
3. Wane abinci mai kalsiyam ake samu a ƙauyenmu da rani, wane kuma da damina?
4. Faɗi alamu huɗu da ke nuna ɗauri ya yi tsanani.
5. Yaya za mu yi magana da maɗoran garinmu cikin ladabi a kan karayar da ya kamata su tura asibiti?

Addu'a

Ya Ubangiji Mahaliccinmu, mun gode maka saboda jikin da ka ba mu. Ka ba mu hikimar lura da shi, da tausayin rage wa juna kaya. Ka taɓa masu jinya a cikinmu, ka ba ma'aikatan lafiya basira, ka tsare yaranmu a gona da hanya. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.